Teku Da Damina: Tasirin Halin Tekun Atlantika A Kan Ruwan Sama A Yankin Sahel A Zamunnan Da Suka Shuɗe

Gabatarwa

Abin da wannan takarda ta ƙudura shi ne ta yi bayani a kan dangantakar da ke tsakanin halin da teku ke ciki da yawan ruwan saman da ƙasashenmu na Sahel suka riƙa samu a zamunna masu nisa. Da jin haka, mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan Bakano ko Badamagare da teku, alhali daga Kano zuwa bakin ruwa a Ikko tafiya ce ta kusan kilomita 1,000? Amsar wannan tambaya ita ce jigon takardar.

Dalilin da ya sa muka zaɓi wannan batu ya taso ne daga ɗakin karatu. Mu da aikinmu shi ne horar da malaman firamare da na ƙananan sakandare, kusan kowace shekara mukan tambayi ɗalibanmu abin da ya haddasa farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980. Amsar da muke samu ba ta sākewa: manoma sun sare itatuwa, makiyaya sun cinye ciyawa, saboda haka ruwa ya ɗauke. Ba mu ga laifinsu ba, domin abin da aka koya musu ke nan, kuma shi za su je su koya wa na baya. Amma ilmin da ya taru daga 1978 zuwa yau ya nuna cewa wannan amsa ta ɗora wa talaka nauyin da ba nasa ba ne, ta kuma bar babban dalili a gefe.

Hanyar Da Ruwa Ke Bi Kafin Ya Zo Mana

Iska iri biyu ce ke mulkin shekararmu. Akwai busasshiyar iskar arewa maso gabas wadda ke fitowa daga Sahara, watau iskar hunturu. Akwai kuma iskar kudu maso yamma wadda ke tasowa daga Tekun Atlantika ɗauke da laima. Wurin da su biyun ke haɗuwa shi za mu kira magamar iska. Wannan magama ba ta zama wuri ɗaya. A watan Janairu tana can kusa da gaɓar teku, sa'an nan ta riƙa hawowa arewa yayin da rana ke gasa Sahara, har a watan Agusta ta kai wajen digiri 20 arewa da Ikwaita, can gaba da Agadas. Ruwa mai ƙarfi ba a kan magamar yake sauka ba, sai a ɗaruruwan kilomitoci kudu da ita, inda iska mai laima ta yi kauri. Shi ya sa Kano, wadda ke kan digiri 12, take samun marka a Agusta.

Manomi zai ce mana hadari daga gabas yake tasowa, kuma gaskiya ya faɗa. Akwai wata iska a can sama mai korar hadari daga gabas zuwa yamma. Amma laimar da hadarin ke ci daga ƙasa take shigowa ta kudu maso yamma, kuma asalin mafi yawanta teku ne, ko da ta sauka a kurmi ta sāke tashi kafin ta iso mu.

Abin da ya ba teku iko a kan wannan tsari shi ne yawan zafin da ruwa ke iya riƙewa. Mita 3 na saman teku kawai suna iya ɗaukar zafi daidai da dukan iskar da ke kewaye da duniya. Ƙasa takan yi zafi da rana ta huce da dare, iska takan manta halin da take ciki bayan mako biyu, amma teku idan ya ɗumama ko ya huce yakan daɗe a haka shekaru, wani lokaci ƙarnoni. To, ƙa'idar da manazarta suka tabbatar ita ce, ɗamarar ruwan sama ta tsakiyar duniya tana karkata ne zuwa ɓangaren da ya fi ɗumi. Idan ruwan Atlantika na arewa da Ikwaita ya fi na kudu ɗumi bisa ga yadda aka saba, damina takan hau arewa sosai, Sahel ta ƙoshi. Idan na arewa ya huce, na kudu da na Mashigin Gini suka ɗumama, damina takan maƙale a kudu. Ba yawan zafin teku ne kaɗai abin lura ba, bambancin da ke tsakanin arewa da kudu shi ne ya fi muhimmanci.

Akwai kuma wata babbar kwarara a cikin Atlantika wadda ke riƙe da wannan bambanci. Ruwa mai ɗumi da gishiri yana gudana ta saman teku daga kudu, ya ƙetare Ikwaita, ya nufi arewa har kusa da Girinlan da Aisilan. A can sai ya huce, ya yi nauyi, ya nutse, ya komo kudu ta ƙarƙashin teku. Za mu kira ta kwararar juyi. Na'urorin da aka dasa a kan digiri 26 arewa tun 2004 sun nuna tana ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 17 a kowace daƙiƙa. Ma'anar wannan ita ce, kullum ana kwasar zafi daga kudancin duniya ana kai wa arewaci. Duk abin da ya rage ƙarfin wannan kwarara zai sanyaya arewa, ya bar zafi a kudu, kuma mun riga mun ga abin da hakan ke jawo wa damina.

Shaidun Da Ake Dogaro Da Su

Ma'aunin ruwan sama a Kano bai fara aiki ba sai a farkon ƙarni na 20, saboda haka wajibi ne a tambaya, ta yaya aka san ruwan da ya sauka shekaru 15,000 da suka wuce? Babbar shaida laka ce. A ƙarƙashin teku da tafkuna, laka tana taruwa a hankali, ta bana a kan ta bara. Akan soka dogon bututu a zaro ta, a yanka ta, a karanta ta daga sama zuwa ƙasa kamar shafukan littafi. A cikinta akwai ƙurar Sahara da iska ta kai teku, wadda yawanta ke nuna bushewa. Akwai garin furanni mai nuna irin tsirran da ke ƙasa a lokacin. Akwai kuma ɓawon wasu ƙananan halittun teku da ido da ƙyar yake ganinsu. Yawan sinadarin maganiziyam da ke cikin ɓawon yana ƙaruwa da ɗumin ruwan da halittar ta rayu a ciki. Shekarun laka kuwa akan gane su ta hanyar auna kabon mai lamba 14, wanda ke raguwa da rabi a kowace shekara 5,730. Alfanun lakar teku shi ne, daga yanki ɗaya ana iya karanta zafin ruwa da kuma halin tudu a lokaci guda, ba sai an yi ta ƙoƙarin daidaita agogo biyu ba.

Ƙarshen Zamanin Ƙanƙara

Kimanin shekaru 21,000 da suka wuce, ƙanƙara ta rufe Kanada da arewacin Turai, teku ya yi ƙasa da inda yake yanzu da wajen mita 120. A wannan zamani da ɗan bayansa, Sahara ta miƙo kudu da ɗaruruwan kilomitoci, Tafkin Cadi ya ƙafe. Ba sai mun je nesa neman shaida ba. Duk wanda ya bi hanyar Haɗejiya zuwa Nguru zai ga dogayen jigayi na rairayi a jere, sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, ana noman gero a kansu. A 1958 masanin labarin ƙasa A. T. Grove ya bayyana su a matsayin ragowar tsohuwar hamadar ƙasar Hausa. Iska ba ta gina irin waɗannan tuddai sai inda babu ciyawar da za ta riƙe rairayi.

Abin mamaki shi ne, mafi tsananin bushewa bai zo daidai da mafi tsananin sanyi ba. Ya zo ne daga baya, tsakanin shekaru 17,500 da 14,700 da suka wuce, a lokacin da duniya ta riga ta fara ɗumama, hasken ranar bazara ma yana ƙaruwa a arewacin Afirka. Bisa lissafin rana kaɗai, kamata ya yi damina ta soma farfaɗowa. A maimakon haka, sai ƙura ta ƙaru, Tafkin Tana na Habasha da Tafkin Biktoriya suka ƙafe.

Bayanin wannan ya fito ne daga teku. A 1988 wani Bajamushe, Hartmut Heinrich, ya ba da rahoton wasu shimfiɗu na tsakuwa a cikin lakar arewacin Atlantika, nesa da kowace gaɓa. Ba abin da zai kai tsakuwa can sai duwatsun ƙanƙara da suka ɓalle daga Kanada, suka yi yawo a teku, suka narke, suka zubar da abin da suka ɗauko. An gano irin wannan aukuwa sau shida a zamanin ƙanƙara na ƙarshe. Ruwan da ƙanƙara ta narke ta bari ba shi da gishiri, saboda haka ba shi da nauyin da zai nutse. Sai ya kwanta a saman teku kamar mai a kan miya, ya hana kwararar juyi aikinta. A 2004 Jerry McManus da abokan aikinsa suka nuna, daga lakar da aka zaro kusa da Bamuda, cewa a lokacin aukuwa ta ƙarshe kwararar ta kusa tsayawa ɗungum. A 2008 kuma Stefan Mulitza da nasa abokan suka bincika lakar da ke daura da bakin Kogin Senigal, suka tarar kowace aukuwa irin ta Heinrich ta zo tare da babban fari a Sahel: ƙura ta yi yawa, lakar da kogi ke kawowa ta ragu. A ganinmu, wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a cikin dukan abin da za mu ambata, domin abin ya maimaitu sau da yawa, kuma a wancan zamani babu gatarin manomi, babu garken makiyayi.

Da kwararar ta dawo da ƙarfinta shekaru 14,700 da suka wuce, ruwa ya dawo Afirka ta Yamma cikin sauri. Ta sāke raunana tsakanin shekaru 12,900 da 11,700 da suka wuce, bushewa ta komo, sa'an nan ta farfaɗo. Binciken da Syee Weldeab ya jagoranta, wanda aka buga a 2007 bisa lakar Mashigin Gini, ya bi sawun ruwan da kogunan yankin ke zubawa teku har tsawon shekaru 155,000, ya kuma ga yana hawa yana sauka tare da sauye-sauyen sanyi da aka karanta a ƙanƙarar Girinlan.

Zamanin Koren Sahara

Daga shekaru 11,700 zuwa kimanin 5,500 da suka wuce, yankinmu ya ga ruwan da ba a sāke gani ba. Tafkin Cadi ya kumbura har faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, kusan daidai da Tekun Kasfiyan. Tsohuwar gaɓarsa tana nan, ita ce doguwar ƙunyar rairayi da ta ratsa Bama da Maiduguri. A 1987 wani makiyayi Bafillace yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da Komadugu Gana a Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita 8.4 a zurfin kimanin mita 5. Awo ya nuna ya kai shekaru 8,000. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, ayarin Paul Sereno ya tarar da wata maƙabarta a 2000, mai kaburbura wajen 200 a bakin wani ƙafaffen tafki, tare da ƙasusuwan giwan ruwa da dorina da kada. Har ƙurar hunturu da ke shiga idanunmu a yau, wani kaso mai yawa nata yana tasowa ne daga Kwarin Bodele na ƙasar Cadi, kuma ragowar ƙananan tsirran ruwa ce da suka rayu a cikin wancan tafki.

A nan dole mu yi adalci: ba teku ne ya fara wannan al'amari ba, rana ce. Yadda duniya ke juyawa a kan sandarta yana sauyawa a hankali, zagaye ɗaya a kimanin shekaru 21,000. A yau duniya tana kusantar rana ne a farkon Janairu. Shekaru 11,000 da suka wuce kuwa tana kusantarta ne a tsakiyar shekara, lokacin daminarmu. A 1981 John Kutzbach ya kwaikwayi yanayin shekaru 9,000 da suka wuce a kwamfuta, da ƙarin hasken rana na kimanin kashi 7 cikin ɗari a watannin damina, ya ga iskar damina ta ƙara ƙarfi. Sai dai ruwan da kwamfutar ta bayar bai isa ya cika tafki irin wancan ba. A 1997 shi da Zhengyu Liu suka yi wani gwaji makamancinsa, wannan karo suka bar teku ya amsa wa rana. Ruwan Atlantika na arewa da Ikwaita ya ɗan ɗumama, da ƙasa da rabin digiri, amma hakan ya ƙara ruwan daminar arewacin Afirka da fiye da kashi 25 cikin ɗari. Sauran ƙarin ya zo daga tsirrai da tafkuna su kansu, domin ƙasa mai ciyawa tana shan hasken rana fiye da farin rairayi, tana kuma mayar da laima sama.

A tsakiyar wannan yalwa ma teku ya nuna ikonsa. Kimanin shekaru 8,200 da suka wuce, wani ƙaton tafki na narkakkiyar ƙanƙara a Kanada, Tafkin Agassiz, ya fashe ya zuba a arewacin Atlantika. Sanyi ya sauka a arewa, tafkunan Afirka da dama suka yi ƙasa. A Gobero, mutanen farko sun watse a wajen wannan lokaci, wurin ya zauna kango kusan shekaru 1,000 kafin wasu mutane dabam su zo.

Yadda zamanin ya ƙare abin muhawara ne. Peter deMenocal, bisa lakar da ke daura da gaɓar Muritaniya, ya ce a 2000 ƙura ta ƙaru farat ɗaya shekaru 5,500 da suka wuce. Stefan Kröpelin, bisa lakar Tafkin Yowa na arewacin Cadi, ya ce a 2008 bushewar ta zo sannu a hankali cikin dubban shekaru. Bayanan da suka biyo baya sun nuna damina ta riƙa ja da baya ne daga arewa zuwa kudu, kowane wuri da lokacinsa, kuma mu mun fi karkata ga wannan.

Ƙarnonin Baya-bayan Nan

Kusa da Kumasi, garin da fataken goro suka daɗe da sani, akwai Tafkin Bosumtwi, wanda ya samu a ramin da wani dutse daga sama ya haƙa fiye da shekaru miliyan 1 da suka wuce. Ba kogin da ke fita daga cikinsa, kuma lakarsa tana kwanciya shimfiɗa-shimfiɗa, kowace shekara da tata. A 2009 Timothy Shanahan da abokansa suka karanta shekaru 3,000 na wannan laka. Sun tarar da fari mai ɗaukar shekaru goma-goma yana komowa a kai a kai, kuma komowarsa ta yi daidai da hawa da saukar zafin Atlantika. Sun kuma tarar da fari mai ɗaukar ƙarnoni, na ƙarshensa daga wajen 1400 zuwa 1750. A lokacin tafkin ya janye har itatuwa suka tsiro a inda ruwa yake, kuma kututturansu suna nan tsaye cikin ruwa. A gida Nijeriya, lakar kwarin Kajemarum da ke ƙasar Manga ta ba da tarihin shekaru 5,500, wanda Alayne Street-Perrott da abokanta suka buga a 2000. Mafi tsananin farin da suka gani ya auku ne tsakanin shekaru 1,200 da 1,000 da suka wuce, kuma ya fi na zamaninmu daɗewa.

A nan muna so mu ja hankalin 'yan'uwa masana tarihi, domin akwai tarko. Abu ne mai sauƙi a ɗauki farin Bosumtwi a liƙa shi a kan kowace yunwa da aka ambata a littattafanmu. Tarihin Kano ya ambaci yunwa ta shekara 11 a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, a ƙarshen ƙarni na 16 zuwa farkon na 17. Amma ya ambace ta ne bayan harin Kwararrafa, kuma yaƙi ma yana kawo yunwa ko da sama ta yi ruwa. Bugu da ƙari, binciken Jean Maley ya nuna Tafkin Cadi a cike yake a ƙarni na 17, a daidai lokacin da Bosumtwi ke ƙasa. Wannan ba lalle ne ya zama saɓani ba. Ma'aunin zamani ya nuna akwai shekarun da gaɓar Gini da Sahel ke yin hannun riga: idan Mashigin Gini ya ɗumama, gaɓa ta sha ruwa, mu mu bushe, kamar yadda aka gani a 1984, idan ya huce, akasin haka. Saboda haka Kumasi ba za ta iya tsaya wa Katsina shaida kai tsaye ba.

Farin Ƙarni Na 20

Tun a 1935 wani malamin gandun daji Bature, E. P. Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara tana cin arewacin Nijeriya saboda ɓarnar mazauna. Hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa da ta zagaya kan iyaka a 1936 da 1937 ba ta ga hujjar hakan ba. Sai ga shekarun 1950 da farkon 1960 sun zo da ruwa mai albarka. Noma ya hau arewa zuwa filayen da a da na kiwo ne, dalar gyaɗa ta tashi a Kano, Tafkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963. Daga 1968 ruwa ya fara ja, ya kai maƙura a 1972 da 1973, sa'an nan a 1983 da 1984. Idan aka kwatanta shekarun 1950 da na 1980, Sahel ta yi hasarar kusan sulusin ruwanta. Tafkin ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa. Babban shirin noman rani na kudancin tafkin, wanda aka tsara bisa tsammanin ruwan shekarun yalwa zai ɗore, ya wayi gari bakin magudanarsa a tudu.

A 1975 Jule Charney ya kawo ra'ayin cewa idan dabbobi suka cinye ciyawa, ƙasa ta yi fari fat, takan mayar da hasken rana sama, iska ta daina tashi, hadari ya kasa haɗuwa. Ra'ayi ne mai ma'ana ta fuskar ilmi, kuma ya samu karɓuwa a zamanin taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararar hamada da aka yi a Nairobi a 1977. Daga nan ya shiga littattafan makaranta, bai fita ba. Amma a 1978 Peter Lamb ya nuna shekarun fari suna zuwa tare da wani tsari na musamman na zafin Atlantika. A 1986 Folland da Palmer da Parker na hukumar yanayi ta Ingila suka nuna cewa a shekarun farin, tekunan kudancin duniya sun ɗumama fiye da na arewa. A 2003 kuma Alessandra Giannini da abokanta suka yi gwajin da ya raba gardama. Suka ba kwamfuta zafin tekunan duniya kamar yadda aka auna shi daga 1930 zuwa 2000, ba su gaya mata kome ba game da sare itace ko kiwo. Sai ga ta ta fitar da yalwar shekarun 1950, da farin 1970 da 1980, da farfaɗowar da ta biyo baya. Binciken ya kuma nuna ɗumamar Tekun Indiya tana da hannu, haka ma El Nino na Tekun Fasifik, wanda ya zo da ƙarfi a 1972 da kuma 1982 zuwa 1983.

Me ya sanyaya arewacin Atlantika a waɗannan shekaru? Wasu sun ce juyin teku ne na kansa, mai ɗaukar shekaru 60 zuwa 70. Wasu kuma, tun daga aikin Rotstayn da Lohmann na 2002, sun ce hayaƙin farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka ne ya tare hasken rana a kan tekun arewa, kuma da aka kafa dokokin tsabtace iska sai tekun ya sāke ɗumama. Hujjoji sun nuna duka biyun suna da rabo. Idan haka ne, akwai hannun ɗan'adam a farin, amma hannun ba a Gumel ko Tanut yake ba.

Kada a fahimce mu da cewa sare itace ba illa ba ne. Yana kashe ƙasa, yana kawo zaizaya, kuma kamar yadda zamanin koren Sahara ya nuna, tsirrai suna ƙara wa abin da teku ya fara ƙarfi, ta alheri ko ta sharri. Abin da muke musu shi ne a mai da mataimaki ya zama shugaba. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna ciyawa ta komo Sahel bayan da ruwa ya ƙaru daga shekarun 1990, alhali mutane da dabbobi sun ninka. Ruwan da ya komo kuwa ya sauya hali. Christopher Taylor da abokansa sun nuna a 2017 cewa manyan hadura masu tsanani sun ninka sau uku a Sahel tun 1982, kuma ambaliyar 2022 da wadda ta ci Maiduguri a Satumba 2024 suna cikin tunanin kowa a wannan zaure.

Akwai aikin da ya dace da sassanmu na labarin ƙasa, tarihi da Hausa, wanda ba ya bukatar jirgin ruwa ko bututun zaro laka. Awon zafin saman teku da jiragen kasuwanci suka tara ya koma baya har tsakiyar ƙarni na 19. Mu kuma muna da sunayen shekarun yunwa a bakin dattawa, irin su Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, muna da wasiƙun sarakuna, da bayanan da malamai kan rubuta da ajami a gefen littattafansu, da rajistar haraji da jangali a ɗakin adana takardu na Kaduna. Ɗalibanmu sukan bazu a ƙauyuka kowace shekara domin koyon aikin koyarwa. Idan kowannensu ya komo da sunan shekarar, da garin, da abin da aka ce ya jawo ta, ko fari ne, ko fāra, ko yaƙi, ko annobar shanu, za a iya ware na fari a jera su gefen awon teku shekara da shekara, gunduma da gunduma, daga Sakkwato zuwa Barno.